Kyamarar masu koyo ta isa, gilashin ne matsalar

Jama'a, akwai wata tambaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu sha'awar ɗaukar hoto: wai kyamarar masu koyo za ta iya yi wa mutumin da ya ɗauki abin da gaske, ko da ba sana'arsa ba ce? Ni a ganina ta isa, har ma ta yi wa da yawanmu yawa.

Ku dubi Nikon D3500 da Canon EOS 2000D. Dukansu sun fito a 2018, kuma kamfanonin sun yi su ne domin wanda bai taɓa riƙe babbar kyamara ba. Kowacce tana da megafiksel 24, wato hoto mai ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsaye. In ka wanke shi da ingancin da ake buga mujalla, zai kai kusan santimita 50 a faɗi ba tare da ya fashe ba. To, Nikon D1 da ta fito a 1999, wadda 'yan jarida suka yi ta aiki da ita, megafiksel 2.7 kacal take da shi. Canon 5D ta 2005, da ƙwararru suka yi ta rububinta, 12.8 ne. Hotunan da aka ɗauka da su an buga su a jaridu, an rataye su a bango, ba wanda ya ce bai gamsu ba. Yanzu kuma a ce wadda ta fi su nesa ba kusa ba ita ce ke hana ka ci gaba? Haba dai.

Inda gizo ke saƙar shi ne gilashin gaban kyamara (lens) da ake haɗo ta da shi a kwali, wanda aka rubuta wa 18-55, wato ana iya janyo abu kusa da shi daga 18mm zuwa 55mm. Ba laifi da rana. Amma da ka janyo shi zuwa 55, ƙofar haskensa sai ta matse zuwa f/5.6 (lambar f in ta yi girma, hasken da ke shiga ya ragu), kuma daga nan ne kukan yake farawa: hoton cikin ɗaki ya yi duhu, ya yi tsaki-tsaki, abin da ke bayan mutum ya ƙi yin dishi-dishi. Sai a ɗora wa kyamara laifi. Alhali gilashi mai 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi arha a wajen kowane kamfani, yana shigo da haske kusan ninki goma na wancan. Kyamara ɗaya, hannu ɗaya, amma sai ka rantse an canja maka na'ura. Wanda bai gwada wannan ba tukuna, a ganina bai kai ga hurumin yanke wa kyamararsa hukunci ba. Haka wanda har yanzu maɓallinsa na kan "Auto", bai taɓa ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya zauna ya gyara da kansa ba. Kuma irin su ne suka fi kowa zancen sabuwar kyamara, Allah ya kyauta.

Ban ce kyamarar masu koyo ba ta da iyaka ba. 2000D hoto uku take ɗauka a daƙiƙa, da wuraren saiti tara, wato inda take kama abu ya fito tangaran. D3500 biyar, da wurare goma sha ɗaya. In tsuntsu a sama kake bi ko ɗan ƙwallo a guje, za ta ba ka haushi, wannan gaskiya ce. Ba a yi ta don ruwan sama da ƙura ba. Kuma ramin memori ɗaya gare ta, don haka in aikin da ba ya maimaituwa aka ba ka, katin ya lalace, shi ke nan. Masu wannan buƙata su sayi babba, ba na jayayya da su.

Amma mutum nawa ne a cikinmu suke wannan aikin? Yawancinmu fuskar mutane muke ɗauka, da gine-gine, da titi, da faɗuwar rana, abubuwan da ke tsayawa su jira ka. In har ba za ka iya nuna min hoton da ka rasa ka ce ga takamaiman abin da kyamarar ta kasa ba, to kuɗin nan ka sa shi a gilashi da fitila da ƙafar ɗora kyamara.