Jirgin da ke komawa Java fayau

Jama'a, duk wanda ya ce min arzikin wani yanki ya haɓaka da kashi kaza, tambayata ɗaya ce: aljihun wa ya shiga?

Indunusiya ce ta sa ni wannan magana. Tsibiranta sun haura 17,000, amma Java, wadda ba ta wuce kashi 7 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba, ita ke ɗauke da fiye da rabin jama'a, kuma fiye da rabin arzikin ƙasar a can ake samar da shi. Yankunan Maluku da Papua da ke gabashin ƙasar, a haɗe ba su kai kashi 3 na arzikin ba. Alhali a Papua mahaƙar Grasberg take, ɗaya daga cikin manyan mahaƙun zinare da tagulla na duniya, amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a yankin talaka ne. Wallahi wannan yana ci min rai.

Ba zan tauye wa gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Joko Widodo haƙƙinta ba. A 2020 ta hana fitar da ɗanyen ƙarfen nikel, sai masana'antun narka ƙarfe suka cika Morowali a tsibirin Sulawesi da Weda Bay a tsibirin Halmahera na lardin Maluku ta Arewa. A 2022 arzikin lardin Maluku ta Arewa ya ƙaru da sama da kashi 20. Sai dai yawancin jarin daga China ya zo, babbar riba kuma mai jari take bi. Masuntan yankin suna ta kukan gurɓacewar ruwa. A Disambar 2023 tanderu ya fashe a Morowali, ma'aikata 21 suka rasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga sabon babban birni, Nusantara, ana ginawa a Kalimantan, a tsibirin Borneo, don ya maye gurbin Jakarta da ke Java. Mu da muka ga an koma Abuja a 1991 mun san ciniki bai bar Legas ba.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne jiragen ruwan da gwamnati ke tallafawa tun 2015. Suna tashi daga Java zuwa gabashin ƙasar maƙil da shinkafa, siminti da sukari, su komo kusan fayau, don haka mai saye a gabas yana biyan kuɗin zuwa da na dawowa. Kuma tekun Maluku cike yake da kifi! A ba masuncin Halmahera wuta tsayayya da ɗakin sanyi a bakin tasha, jirgin nan zai samu abin ɗauka.