Rawani ba na rawa ba ne

Assalamu alaikum ƙannena da 'yan'uwana matasa. Daren Asabar ɗin da ta wuce na je bikin ɗan maƙwabcinmu, yaron da aka yi sunansa a gabana, kuma har yau abin da na gani ya ƙi barin zuciyata. An rage fitilu, aka saki hayaƙi, sai ga ango ya fito da rawani mai kunne biyu da alkyabba, da sanda a hannu kamar wanda aka naɗa jiya. Amarya ta sha saƙi da murjani. Ana sakin sarewa ya jefar da sandar, ya kama ƙugunta, ya juya ta, ta kwanta a ƙirjinsa a gaban iyaye da surukai. Mai gabatarwa yana ta ihu wai yau an koma gargajiya, wai soyayya ce irin ta sarakunan da.

Na tambayi wani abokin ango inda suka samo wannan. Da murnarsa ya ciro waya ya nuna mini fim: yarima da gimbiya a lambu, suna tsere tsakanin itatuwa, suna waƙa, bayi na yi musu fifita. Ya ce, "Yaya, ai haka kakanninmu suke yi." Wallahi wannan maganar ta fi rawar ƙona mini rai.

Waɗanne kakanni? A wace fada? Gidan Rumfa yana nan tsaye a Kano sama da shekara 500, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa tarihi ya ce aka fara kulle. Ku je ku tambayi tsofaffin gidan ko an taɓa jin 'yar sarki ta fito lambu tana karairaya da saurayi. Gidan da namiji baligi ba ya wuce wasu soraye, saƙo ma sai jakadiya ta shiga da shi ta fito da amsa! Sarki kansa amawali ne ke rufe masa baki, ba ya ɗaga murya, ba ya cin abinci a bainar jama'a. In zai sauka daga doki dogarai ne ke baza manyan rigunansu su kare shi daga ido. Mutumin da ake ce wa "hattara" da "sannu a hankali" in yana taku, shi ne kuka mayar mai tsalle a gindin mangwaro? Rawani da alkyabba kaya ne da ake ɗora wa mutum ranar da aka ɗora masa amanar jama'a. Ku kuma kun je kun yo hayarsu na awa uku don ku yi rawa. Ai kayan aro ba ya rufe katara.

Mun san inda abin ya fito. Tun kafin a haifi yawancinmu 'yan kasuwar Labanan ke haska fina-finan Indiya a silimun Kano, irin su Rex da Palace da El Dorado, iyayenmu suka haddace waƙoƙin ba tare da sun ji harshen ba. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama daga 1990, ba a jima ba aka ɗauko rawa da waƙar nan aka dasa. Da a labarin 'yan boko da 'yan birni aka bar ta, da da sauƙi, kowa ya san kwaikwayo ne. Amma sai aka ɗauke ta aka kai ta fadar da, aka sa mata rawani, aka jera mata dogarai da 'yan bindiga, har yaro ya zauna ya yarda cewa tarihinsa yake kallo. Biri ya yi kama da mutum, shi ke nan an gama da shi.

Su kansu Indiyawan da muke bi ido rufe ba su yarda a yi wa nasu haka ba. Lokacin da aka shirya fim ɗin Padmaavat a kan sarauniyar Chittor, mutanen Rajput sun tayar da ƙura, daga cikin ƙorafinsu har da cewa sarauniyarsu ba za ta yi rawa jiki a buɗe ba. An ɗage fitar fim ɗin daga Disambar 2017 zuwa Janairun 2018, an sauya masa suna, an kuma rufe cikin jarumar da kwamfuta a wurin rawar. Ban goyi bayan dukan mutane da ƙone-ƙonen da wasunsu suka yi ba, ɓarna ce. Kishin kawai nake nuna muku. Turawa kuwa, in ka ga mace da namiji riƙe da juna suna zagaya babban zaure a fim ɗin zamanin sarakunansu, aƙalla abin da suka yi ne da gaske, kuma ko a Ingila da rawar rungumar ta shigo farkon ƙarni na 19 sai da dattawansu suka yi tir da ita. Mu fa? Mu ne muke tafa wa wanda ya yi wa matattunmu ƙage.

Kada wani ya ce na ce mutanen da ba su yi rawa ba. Sun yi. Akwai dandali a farin wata, 'yan mata na gaɗa, mai kalangu na kiɗa, samari na gefe suna kallo suna kari. Akwai shantu da kiɗan ƙwarya a cikin gida, mata zalla. Har munanan al'adu an yi, irin su tsarance, wato saurayi da budurwa su kwana tare kafin aure, kuma malamai ba su yi shiru ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun yi ta wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata tun kafin jihadin 1804. Amma zancen aure fa? Tabarma ce a zaure ko ƙofar gida, yarinya ta zauna a gefe kanta a ƙasa, ƙanwarta na kusa, abokin saurayi ne ma ke yawan maganar. A ba da toshi, a yi sallama kafin dare ya yi nisa. An so juna a haka, an haifi iyayenmu, an tsufa tare.

Na san abin da za ku ce, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. To ku ce rawarku ce ta zamani, ku ɗauki alhakinta da kanku, ku bar mutanen da ke kwance a kabari. Abin da ke ƙara ba ni haushi, yaron nan bashi ya ci ya kama zauren, na sani, kuma abokansa da ba su iya biya wa uwarsu kuɗin magani ba suna tsaye suna watsa sababbin kuɗi ana takawa. Ga kuma wata masifa da ake kira ranar ƙauyawa, a shafa baƙi a fuska a sa tsumma ana yi wa manoman da ke ciyar da mu dariya. Kowa waya a sama. Kafin asuba matar mutum tana TikTok, ƙattin duniya na tofa albarkacin bakinsu a kan jikinta, shi kuma yana ƙirga masu kallo yana murna. Ina kishi ya tafi?

Masu shirya fim, ku ji tsoron Allah. In za ku taɓa tarihi ku nemi masana, ku shiga Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ku ga yadda abin yake. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, amma hukuma ba za ta bi yaro har cikin bargonsa da waya ba. Iyaye su sa ido, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma ƙannena, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don ina ƙaunarku nake faɗa.

Wanda na fi tausaya wa a daren nan kakar ango ce. Matar da ta yi shekara fiye da hamsin da mijinta har ya rasu ba a taɓa jin ta kama sunansa ba, ɗan farinta ma ba ta amsa gaisuwarsa a gaban mutane don kunya. An ɗauko ta daga gida an zaunar a kujerar gaba don ta sa albarka. Da jikan nata ya rungumo amarya, sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Aka zo da abin magana wai ta yi wa ma'aurata addu'a, ta girgiza kai, ta ce da yarinyar da ke kusa da ita a kai ta mota.