Wutar mai shayi da hasumiyar Iskandariyya

A tsakiyar daminar bara, ranar kasuwar Gujungu, magariba ta riske mu a bakin kogi. Mu 11 ne, da buhun taki 2, da babur da aka kwantar a tsakiyar kwalekwale. Duk wanda ya san ƙasarmu ta Jigawa ya san idan kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ba ka iya cewa ga inda kogi ya tsaya, ga inda gonar shinkafa ta fara. Ruwa ne shimfiɗe ta ko'ina, ga kacala ta yi duhu, babu dutse babu tudu. Muna tsakiya dare ya rufa. Ni dai na daina ganin komai sai farar hular wanda ke zaune a gabana.

Na ce da mai fiton, wani dattijo sa'an mahaifina, "Baba, yaya kake gane mashigi a cikin wannan duhu?"

Bai fasa tura gorarsa ba, ya yi nuni da haɓa. "Ka ga 'yar wutar can? Ta mai shayi ce. Da rana tsamiya nake bi, da dare kuwa ita nake sa wa hancin jirgi."

"To ranar da bai kasa ba fa?"

"Sai Allah, ɗan nan."

Tun daga daren nan nake juya maganar hasumiyar fitila, wato dogon ginin nan da ake yi a bakin teku, a kunna wuta a ƙololuwarsa don jiragen ruwa su gane gaɓa cikin dare. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da ke tafiyar kilomita 1,000 ko fiye daga teku. A yi haƙuri a bi ni, akwai abin da ya haɗa su.

Wadda ta fi kowace suna a tarihi ita ce ta birnin Iskandariyya a Masar. An fara ta zamanin sarki Batalimus na farko, aka gama a zamanin ɗansa, wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan wani ɗan tsibiri mai suna Faros da ke bakin tashar jiragen birnin. Tsayinta ya haura mita 100. Hawa 3 gare ta: na ƙasa mai kusurwa 4, na tsakiya mai kusurwa 8, na sama kuma zagayayye, inda wutar take. Dalilin gina ta shi ya fi jan hankalina. Gaɓar Masar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tsaunin da matuƙi zai hango daga nesa ya ce na iso gida, ga kuma duwatsu da yashi ɓoye a ƙarƙashin ruwa suna jiran jirgi. Ƙasar da ba ta da tudu, sai mutum ya gina wa kansa tudu ya ɗora masa wuta. Matsalar Baba mai fito ke nan, sai dai tasu gishiri gare ta.

Masu ba da labarin wannan hasumiya sun fi son tsayawa a kan tsayinta da yadda aka lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi 7 na tsohuwar duniya. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewarta. Girkawan da suka gina ta sun shuɗe, Rumawa suka karɓa, ba su bar wutar ta mutu ba. Wajen shekarar 642 Musulmi ƙarƙashin Amru ɗan Asi suka karɓi birnin, su ma suka ci gaba da kula da ita. Ba su ce ai aikin gwamnatin da ta wuce ne ba, balle su bar ta ta rushe don su gina tasu su rubuta sunansu. Da samanta ya lalace, Ahmad ɗan Tulun da ya mulki Masar daga 868 ya sa aka gyara. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, da ya biyo ta can a 1183 kan hanyarsa ta aikin hajji, ya ba da labarin cewa ana hango ta daga nisan da ya wuce mil 70, kuma ya tarar da masallaci a samanta, ya hau ya yi salla a ciki. Larabawa suna ce mata manara, wato wurin wuta, kuma da wannan kalma suke kiran hasumiyar masallaci har gobe.

Girgizar ƙasa ce ta ci ta, a hankali: ta 956, sannan ta 1303, sannan ta 1323. Ibn Baɗuɗa ya gan ta sau 2. A 1326 ya tarar gefe ɗaya ya zube amma ana iya shiga. Da ya dawo a 1349, ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Sarkin Masar na wancan zamani ya soma gina wata a kusa da ita, mutuwa ta yi masa hanzari, aikin ya tsaya (wannan kam ba sai an fassara wa ɗan Najeriya ba). A 1477, lokacin Muhammadu Rumfa na kan gadon sarautar Kano, Sultan Ƙaitbai ya sa aka gina ganuwar yaƙi a gurbinta, har da wasu duwatsunta. Ganuwar tana nan. Sauran duwatsun kuwa masu binciken kayan tarihi daga Faransa sun nutsa sun tarar da su jibge a ƙarƙashin teku a 1994.

A lissafa: sama da shekara 1,500 ginin yana tsaye. Dutse kaɗai ba ya yin wannan. A bayan kowane dare da wutar ta ci akwai wanda ya hau da makamashi, da wanda ya zauna ya ƙi barci, da wanda ya biya su. Tarihi ya riƙe sunan sarakuna da na magini, Sostratus, ya manta da na masu hura wutar, alhali in ba su hau ba ginin nan tulin duwatsu ne kawai a cikin duhu.

Turawan Ingila sun koyi wannan darasi da jini a wani wuri da ake kira Eddystone, wasu duwatsu ne a cikin teku kudu da garin Plymouth da suka daɗe suna farfasa jirage. Wani mai suna Henry Winstanley ya gina hasumiya ta farko a kansu, aka kunna ta a 1698. A 1703 wata gagarumar guguwa ta share ta ƙarƙaf, shi kansa yana ciki ya je gyara. Ta biyun ta katako ce, gobara ta cinye ta a 1755. Ɗaya daga masu gadinta, tsoho ɗan shekara 94, yana watsa ruwa sama bakinsa a buɗe, narkakkiyar darma daga rufin ta zubo masa a maƙogwaro. Ya yi kwanaki ya rasu, aka ciro dunƙulen darmar daga cikinsa. Duk da haka ba su ce wurin ya gagara ba. John Smeaton ya gina ta uku da dutse, aka kunna a 1759, kuma abin da ke ba da hasken nata kyandir 24 ne kacal, mutum yana tsaye a kansu dare farai yana gyara lagwani. Kuɗin kula da ita kuma a wancan zamani ba daga sama yake faɗowa ba: jiragen da ke wucewa su ke biyan ɗan haraji gwargwadon nauyinsu, kwabo a kan kowane tan.

Daga baya ilimi ya sauƙaƙa aikin. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro gilashi mai zobe-zobe wanda ke tattara hasken ƙaramar fitila ya harba shi wuri guda zuwa nesa, aka fara amfani da shi a 1823 a hasumiyar Cordouan da ke gaɓar Faransa. Sannan aka ba kowace hasumiya nata salon ƙyaftawa, wata sau 2 ta huta, wata sau 3, wata ja wata fara, yadda matuƙi da ya gani zai san takamaimai inda yake. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu. A daren da nake ba ku labari, muna dab da gaɓa sai wani ya haska tocilan ɗin wayarsa can gefe, wajen wata gona da ruwa ya shanye, sai da Baba ya ɗan tsaya ya tantance wace ce wutar tasa. Wutar da ba a iya bambanta ta da sauran wutace tana iya kai mutum cikin kacala.

Kada kuma mu ɗauka ba mu taɓa cin moriyar irin wannan gini ba. Gyaɗar da kakanninmu suka noma, wadda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa a Malam Madori da Gagarawa da Ringim bayan layin dogo ya kai Nguru a 1930, Ikko ta nufa, kuma jiragen da suka fita da ita sun wuce ta gaban tsohuwar hasumiyar da ke bakin mashigin tashar, kusa da Tarkwa Bay. Alhazan ƙasa da suka keta Chadi da Sudan da ƙafa, suka hau jirgi a Sawakin zuwa Jidda, sun ratsa Bahar Maliya mai cike da duwatsun ƙarƙashin ruwa. Wanda ya kunna musu wuta a hanya bai san sunan garinsu ba.

Ga abin da nake kira a yi. Duk mashigin da aka san jama'a na fito a cikinsa da damina, a Ringim ne ko Taura ko Miga ko Auyo ko Guri, da bakin madatsun ruwa irin su Tiga da Watari a Kano, a kafa dogon ƙarfe a kowace gaɓa, a ɗora masa fitila mai aiki da hasken rana, mai launi na dabam kuma mai ƙyaftawa, yadda ba za a rikita ta da wutar babur ko ta waya ba. Fitilun sola ba baƙi ba ne a karkararmu yanzu. Mun ga yadda ake jera su a aikin mazaɓa, 5 a ƙofar gidan mai faɗa a ji, ɗauke da hoton wanda ya kawo su, mashigin da ke bayan gari kuwa ko ɗaya. Dalilin a fili yake: fitilar bakin kogi ba ta da 'yan kallo, wanda ta cece shi ma sau da yawa baƙo ne daga wata mazaɓar.

Akwai masu ja da wannan, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana fiton dare, don haka kafa fitila tamkar ba da lasisin karya doka ne. Na yarda da dokar, kuma ina goyon bayan a tsaurara ta a kan masu lodin 'yan kasuwa da 'yan biki bayan faɗuwar rana. Amma naƙuda ba ta duba agogo, haka saran maciji. Wanda kuma ya taso da la'asar sakaliya hadari ya tsare shi, dare zai same shi a kan ruwa ko yana so ko ba ya so. Mutanen nan suna kan ruwa yau, da fitila ko babu.

Na biyu za su ce ba duhu ke kashe mutane ba, lodi ne. Nan ma akwai gaskiya. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, kuma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Fitila ba ta rage lodi, ba ta toshe jirgin da ke yoyo, ba ta zama rigar ruwa. Sai dai masu ceto ma idanu gare su, kuma wanda ya faɗa ruwa cikin duhu, ko gwanin iyo ne, yana bukatar sanin ina gaɓa take kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna: za a sace batirin. Ko ba a sace ba, ƙura za ta rufe farantin sola da hunturu, waya ta tsinke, shekara ta zagayo ƙarfe na tsaye fitila ta mutu. Duk ƙauyen da ka shiga za ka ga gawar irin wannan aiki, famfon da ya ƙafe, fitilar da tsuntsu ya yi sheƙa a kanta. Shi ya sa na daɗe a kan masu hura wutar Iskandariyya da tsohon Eddystone. Kafa ƙarfen aikin yini guda ne, ɗan kwangila zai yi ya ɗauki hoto ya tafi. Abin da ake bukata shi ne mutum mai suna, wanda gari ya sani, da zai goge farantin, ya duba ta kowace magariba, a tuhume shi in ta mutu, a kuma biya shi. Muna da sarkin ruwa, muna da masu fito da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, muna da dagaci da mai unguwa. A ɗora amanar a wuyansu, a ware naira 20 ko 50 daga kuɗin fiton kowane mutum ranar kasuwa, a ajiye don batir da ladan mai kula. Ƙaramar hukuma ta sayi kayan farko, sauran a bar wa masu shiga ruwan, don su ne ba za su yarda ta mutu ba.

Da na kai wa Baba mai fito wannan shawara bayan ruwa ya janye, yana zaune a gindin tsamiyar yana like jirginsa da kwalta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In za a kawo, a gaya musu su kafa ta a kan tudun can, kada su sa a nan ƙasa. Nan da kake tsaye, watan 8 ruwa iya wuya ne." Na tambaye shi labarin mai shayi, don na ga babu teburinsa. Ya ce ai ya tashi tun bayan sallah, ya koma bakin titi inda aka kafa sababbin fitilu, can ya fi samun ciniki.