Filin Park Hill: Jama'ar Denver sun yi daidai da suka ƙi sakin abin da suka biya

A shekarar 1997 hukumar birnin Denver, babban birnin jihar Colorado ta Amurka, ta fitar da dala miliyan 2 daga kuɗin jama'a domin a ɗaure wani fili mai faɗin eka 155 a unguwar Park Hill da sharaɗin cewa ba za a yi gine-gine a kansa ba. Filin wasan golf ne a lokacin, kuma ƙasar ta ci gaba da zama a hannun masu ita, domin abin da birnin ya saya kawai shi ne ikon hana a mayar da wurin gidaje da kantuna. An rufe filin wasan a 2018, sannan a 2019 kamfanin gine-gine na Westside Investment Partners ya saye shi a kan dala miliyan 24, da niyyar shawo kan hukuma ta ɗage wancan sharaɗi.

Daga nan ne gardama ta kaure. Mazauna birnin da ke ƙarƙashin ƙungiyar Save Open Space Denver, tare da goyon bayan tsohon magajin gari Wellington Webb wanda a zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar, suka tara sa hannun jama'a har suka kai batun gaban masu zaɓe. A watan Nuwamban 2021 aka amince da ƙudurinsu mai lamba 301, wanda ya wajabta cewa sai an nemi ra'ayin ɗaukacin mazauna birnin kafin a ɗage irin wannan sharaɗi, aka kuma yi watsi da kishiyarsa mai lamba 302 da kamfanin ya mara wa baya. A watan Afrilun 2023 aka sake komawa rumfunan zaɓe a kan shirin ginin kansa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na masu kaɗa ƙuri'a suka ce ba su yarda ba.

A ganina sun yi daidai, kuma dalilin yana cikin farashin da aka sayi filin. Ƙasar da aka hana gini a kanta ba ta kai darajar wadda aka yarda a gina ba, don haka sharaɗin 1997 ne ya sa kamfanin ya samu eka 155 a cikin babban birni a kan wannan kuɗi. Da an ɗage sharaɗin, da darajar ƙasar ta yi tashin gwauron zabo a dare ɗaya, kuma mafi yawan wannan riba da ta faɗa aljihun wanda bai biya ko sisi ba daga cikin dala miliyan 2 da jama'a suka bayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Har ila yau, da an yarda, duk wani ɗan kasuwa zai fahimci cewa alƙawarin da hukuma ta ɗauka na kare fili yana iya warwarewa muddin an iya haƙuri da matsin lamba, abin da zai jefa sauran filayen da aka kare ta wannan hanya cikin haɗari.

Sai dai masu goyon bayan ginin ba mutanen banza ba ne, kuma bai kamata a ɗauke su 'yan amshin shatan kamfani ba. Arewa maso gabashin Park Hill unguwa ce da baƙaƙen fata suka daɗe da zama, tsadar gidaje tana korar 'ya'yansu daga inda aka haife su, kuma sun jima suna kukan rashin babban kantin kayan abinci a kusa. Kamfanin ya yi alƙawarin ware kimanin eka 100 domin wurin shaƙatawa, ya gina gidaje fiye da 2,000 a sauran filin, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu su zama masu rahusa, tare da tanadin wurin kanti. Ga iyalin da kuɗin haya ya sha wa kai, wannan tayi ne mai nauyi. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka nuna musu kamar ba su da wata mafita sai wannan fili, har aka riƙa cewa in an ƙi ginin, to wurin zai koma filin golf ne kawai.

Abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan barazana. A watan Janairun 2025 magajin gari Mike Johnston ya sanar da musayar ƙasa: birnin zai karɓi filin Park Hill gaba ɗaya ya mayar da shi wurin shaƙatawa na kowa da kowa, kamfanin kuma ya karɓi eka 145 a kusa da filin jirgin saman Denver.

Wannan musaya ba ta samar wa unguwar gida ko ɗaya ba, kuma nauyin hakan yana wuyan waɗanda suka yi nasara. Tashar jirgin ƙasa da ke kusa da mahaɗar titin 40th da Colorado Boulevard tana daf da filin, kuma majalisar birni tana da ikon sassauta dokokin gini a kewayenta domin a ɗaga benaye masu gidajen haya masu sauƙi. Idan aka kawo irin wannan shiri, waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a'a a 2023 su ya kamata su fara tsayawa gaban majalisar su goyi bayansa.