Ba Hazo Kaɗai Ke Shaƙe Mu A Titunan Kano Ba

Tun da Amurka ta daina fitar da alƙaluman ingancin iska daga ofisoshin jakadancinta a watan Maris na 2025 ake ta kukan cewa an bar ƙasashe irin su Najeriya da Chadi da Senegal cikin duhu. Kukan yana da tushe. Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muka miƙa wuya tun farko, muka bar wa baƙi aikin gaya mana abin da ke shiga huhunmu. Na'urar da ke bayan katangar ofishin jakadanci ba ta san ƙaurin Kurna da ƙarfe biyar na yamma ba, ba ta san Bata ko 'Yan Kura ba. A can mutanenmu suke wuni, kuma can ya kamata a auna.

Da zarar ka ta da wannan magana sai a ce maka ai hazo ne, ƙurar hunturu ce, ikon Allah. Wannan amsa ta ishe ni. Gaskiya ne iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma ba wanda zai iya tare ta. To amma hunturu wata nawa ne a shekara? Ka tsaya a shataletale cikin watan Agusta, ƙasa a jiƙe sharkaf, ka duba abin da ke fitowa daga salansar tirela idan direba ya taka totur. Ka duba jerin Adaidaita Sahu da suka cika gari tun bayan hana acaɓa a 2013, da janareton mai shago yana ruri a bakin kwata, da bolar da aka cinna wa wuta a gefen hanya. Wanne daga ciki ya taso daga Chadi? Hazo ya zama bangon da kowa ke jingina da shi don kada a tambaye shi nasa laifin.

Awo ne kaɗai zai raba gardama. Masana suna bibiyar ƙwayoyi iri biyu: PM10, wato masu ɗan kauri, waɗanda ƙurar hanya ta fi yawa a cikinsu, da PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi siranta kusan sau 30. Waɗannan ƙananan su ne mugaye, domin hanci ba ya iya tace su. Suna zarcewa can cikin huhu, mafi ƙanƙanta cikinsu har jini suke shiga, su taimaka wajen jawo asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, na yini guda kuma kada ya wuce 15. Binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya sa na Legas a 68, ya kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta kashe mutum 11,200 a birnin a 2018. Legas ta fi mu nesa da hamada, tana kuma da iskar teku. Mu da muka haɗa ƙura da hayaƙi fa?

Aikin kansa ba tsafi ba ne. Famfo ne ke zuƙo iska ta ratsa wata farar takardar tacewa na tsawon awa 24, a auna nauyinta kafin da bayan haka. Ƙurar ƙasa tana barin ta ja-ja-ja, hayaƙin man dizal kuwa baƙi ƙirin yake mayar da ita, kuma a ɗakin bincike ana iya tantance abin da ya taru a kanta. Akwai kuma ƙananan na'urori masu aiki da haske da ke ba da lamba minti bayan minti, irin waɗanda shirin AirQo na Jami'ar Makerere ya ƙera ya baza a Kampala. Masu cewa waɗannan ba su da inganci sun manta ana daidaita su ne da babbar na'ura guda. Muhimmin abu shi ne wurin da aka kafa: bakin titi, kusa da tsayin hancin mutum, tare da wata a cikin unguwa nesa da motoci. Idan ta bakin titi tana tashi da safe da yamma daidai lokacin cunkoso, ta unguwa kuma tana kwance, maganar hazo ta ƙare.

Wasu kuma na cewa mai jin yunwa ina ruwansa da awon iska. Mai jin yunwar nan shi ne yaron da ke ratsa motoci da ruwan leda a ka, da mai faci, da mai awara da goyonta a baya, da jami'in KAROTA da ke tsakiyar titi tun safe. Mai hali ya ɗaga gilashi ya kunna sanyi. Talaka ke shanye hayaƙin, shi ne kuma zai biya kuɗin maganin tari daga cinikin da bai kai ya kawo ba.

A Landan wata yarinya 'yar shekara 9, Ella Adoo-Kissi-Debrah, da ke zaune kusa da babban titin South Circular, ta rasu da asma a 2013. A Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta. Mahaifiyarta ta kai ga wannan hukunci ne saboda akwai na'urar awo a yankin, aka ɗora alƙalumanta a kan ranakun da aka riƙa kwantar da yarinyar a asibiti. Uwar da ke zaune a bakin titin Katsina da wace shaida za ta tsaya gaban wani?

Muna da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, muna da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, muna da Jami'ar Bayero cike da ɗalibai masu neman aikin bincike. A kafa na'urori a Kurna da Bata da Kabuga da titin Zariya, rani da damina, a riƙa karanta lambar a rediyo kowace safiya da Hausa. Kuɗin da za a kashe bai kai na ƙafar gadar sama guda ba, kuma duk motar da aka ga tana tuttula baƙin hayaƙi a sauke ta daga titi har sai an gyara.