Ni da Mai Baƙar Ƙafa

Duk wanda ya ce maka ɗaukar hoton 'yan tsuntsayen bakin ruwa hutu ne, ka tambaye shi yaushe rabonsa da kwanciya rub da ciki a cikin taɓo.

Tsuntsaye biyu ne suka kai ni bakin kogin nan, daidai inda yake shiga teku. A littafi ana kiran ɗaya Calidris minuta, ɗayan kuma Calidris temminckii, wanda ya ci sunan Coenraad Temminck, masanin dabbobi ɗan ƙasar Holan. Mutum ɗaya ne, wani masanin tsuntsaye mai suna Leisler, ya raɗa musu suna a 1812, kuma har yau ina jinjina wa idonsa. Daga baki zuwa jela babu wanda ya wuce santimita 15 a cikinsu. A can ƙurewar arewacin Turai da Saberiya suke ƙyanƙyasa, idan sanyi ya kama su yo kudu, zuwa Afirka da kudancin Asiya. A lokacin sanyin sukan tuɓe kayan ado, duk su koma ruwan toka-toka, kamar uwa ɗaya ta yi musu ɗinki.

Amma ni na zo da makamina. Na haddace: minuta ƙafarsa baƙa ce, temminckii kuwa tasa rawaya ce mai ratsin kore. Shi ke nan. Me ya rage?

A bakin gaɓa na tarar da wani dattijo da ya daɗe a harkar, yana zaune da madubin hangen nesa a wuya. Ya dube ni, ya dubi farin wandona, ya ce, "Yaro, kada ka bi su. Teku na cikowa kusan duk bayan awa 12 da minti 25. Ka kwanta, ka ajiye kyamara daidai tsayin idonsu, ruwa zai koro maka su."

Na ce, "To, Baba," na kuma yi akasin haka. Na duƙa ina sanɗa kamar ɓarawon da ya ji tarin maigida. Taku goma, suka tashi. Na sake, suka sake. A karo na uku ne na yarda cewa mai furfura bai faɗi ƙarya ba, na kwanta.

Taɓon bakin teku ba irin wanda ka sani ba ne. Yana karɓar baƙo hannu bibbiyu. Gwiwar hannuna ta nutse, haɓata ta taɓa laka, wani wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ya yi mini maraba. Na saita saurin ɗauka a 1/2000 na daƙiƙa, domin minuta yana caccakar laka ne da gaggawa kamar wanda kuɗinsa suka zube cikin taro. Na yi lamo. Ƙuda ya sauka a kunnena, na bar masa.

Can sai ga wani shi kaɗai, ba ya cikin garken. Yana tafe a duƙe, a hankali, yana ɗan tsinta yana tsayawa. Na kama idonsa, na danna. Na ƙara dannawa. Ya matso. Zuciyata ta hau bugu. Ya ƙara matsowa, har ina ganin ɗigon ruwa a bakinsa. Sai gilashin kyamarata ya fara kai da komo, zuu, zuu, komai ya zama hazo. Gilashin milimita 400 ne, kuma ba ya kama abin da bai kai nisan mita uku da rabi ba. Wato shekara guda ina roƙon tsuntsu ya matso, ranar da ya amsa kuma sai ya zarce gona da iri.

Dabara ta faɗo mini: in ja da baya. Ban sani ba ko ka taɓa jan ciki da baya a cikin taɓo, kana ɗage da kyamara sama kamar jariri. Takalmina na hagu ya ce shi kam ya iso gida, ya tsaya can. Ina cikin haka na ji wani sanyi ya shigo ta ƙafar wando ya haura. Ashe ruwan da aka ce zai koro mini tsuntsaye ya biyo wata 'yar kwari ta bayana, ya fara da ni.

Na yi ƙara. Tsuntsun ya tashi sama tsaye yana "tirrr", yatsana ya danna da kansa.

Na koma wurin dattijon ina ɗingishi da takalmi ɗaya, amma da fara'a. Na nuna masa hoto, ƙafa baƙa ƙirin. "Baba, minuta ne."

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. "Da ya tashi, me ya ce?"

"Tirrr."

"Minuta 'tit' yake cewa, gajere. Dubi ƙirjinsa, toka ta rufe shi bai ɗaya. Dubi jelar, ta ɗan zarce ƙarshen fiffike." Ya yi ta jawo hoton har ƙafar ta cika fuskar kyamara. Can sama, kusa da ciki, inda laka ba ta kai ba, ga wani ɗan wuri rawaya mai ratsin kore. Ashe safa ce ta taɓo ya sako mini.

Ban sallama ba. Na ce wataƙila hasken rana ne. Sai ya wuce zuwa hoton ƙarshe, wanda na riga na yi niyyar gogewa: babu kai, babu ido, sai dishi-dishin jela. Gefenta biyu fari fat. Na minuta ruwan toka ne. Cikin hotuna sama da 300, wanda firgita ta ɗauka ne kaɗai ya ba da shaida ba tare da an matsa masa ba.

Na ce, "Amma Baba, littafi ya ce baƙar ƙafa..."

Ya sauke ido ya dubi tawa, tun daga gwiwa har yatsu. Ya ciro ɗan littafinsa da biro.

"Minuta guda ɗaya," ya ce yana rubutawa. "Babba. Takalmi ɗaya."