Kwalin karin kumallo na dala 10: wai wa ake yi wa wayo ne?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ƙanwata ce. Likita ya ce mata sugarta ya fara hawa, ta rage ƙiba ta kula da abin da take ci, shi ke nan sai ga hoto ta turo mini a WhatsApp, wasu kwalaye masu kala-kala kamar na kayan wasan yara, wai wata mai kawo kaya daga Amurka ce ta saka a shafinta na Instagram, irin konfiles ɗin nan da ake cewa ba suga ba sitaci. Ta ce, "Yaya don Allah duba mini, in yi odar guda huɗu ko in fara da biyu?" Na ce mata tsaya tukuna, nawa ne? Da ta faɗi kuɗin sai da na sake tambaya ko na kwali huɗu ne ko na buhun shinkafa.

Wanda ke bin labaran kayan abinci na ƙasashen Turai da Amurka ya san wannan yayin ba yau ya fara ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Magic Spoon, wasu matasa biyu Gabi Lewis da Greg Sewitz suka kafa shi a New York a 2019, kuma da farko ba ka samunsa a kanti ko ɗaya, sai ta intanet, kwali huɗu dala 39. Akwai Catalina Crunch, a Ingila akwai Surreal, da wasu da yawa da suka biyo baya da suka ga kasuwa ta buɗe. A 2022 Magic Spoon ya tara jarin dala miliyan 85 ya kuma shiga shagunan Target. Wato mutanen sun iya kasuwanci, wannan ba na musu a kai. Su biyun nan kafin wannan ma sana'arsu sayar wa Amurkawa abincin garin gyare ce, wanda kuwa ya iya sa Ba'amurke ya ci gyare ya biya kuɗi ai ba ƙaramin ɗan talla ba ne (mu da muke cin fara da yaji tun muna yara ba wanda ya ba mu jari).

To mu zo kan lissafi, don a nan rigimata take. Kwalin bai kai giram 200 ba. Su da kansu sun rubuta cewa ci biyar ne a ciki, kowane ci kofi ɗaya, yana ba ka furotin giram 13 zuwa 14, kalori wajen 140, suga sifili. Kwali huɗu ci ashirin kenan, furotin kamar giram 260 gaba ɗaya. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6, sitacin da ke cikinsa bai kai giram ɗaya ba. Kenan duk furotin ɗin da ke cikin kwalaye huɗun nan ƙwai arba'in da ƴan kai ne, kiret ɗaya da rabi. Yanzu ka lissafa dala ko a naira 1,500 ne, dala 39 ta zama naira 58,500, ba a saka kuɗin jirgi ba, ba a saka na kwastam ba, ba a saka ribar hajiyar Instagram ba wadda ita ma ba don Allah take yi ba. Je ka tambayi mai ƙwai na bakin layinku kiret nawa zai ba ka da wannan kuɗin, ka dawo mu yi magana.

Kuma wa ke cin kofi ɗaya? Tsakani da Allah. Duk wanda ya taɓa zuba konfiles a kwano ya san hannu ba ya tsayawa a inda aka rubuta a bayan kwali, abin ba nauyi, ka zuba ka ga kamar ba ka zuba ba ka ƙara, kafin ka ankara ci biyar ya koma biyu da rabi, kwalin dala goma ya ƙare a kwana uku. In akwai yara a gidan kuwa sai dai ka kulle shi a durowa kamar sarƙar gwal.

Masu kare abin suna cewa ai lafiya ba ta da farashi. Wannan magana ce ta wanda yake son sayar maka da abu.

Bari mu buɗe kwalin mu ga mene ne a ciki. Ba hatsi ba ne, wannan su ma suna alfahari da shi. Furotin ne da aka tatso daga madara aka busar ya zama gari, aka haɗa da mai, da ɗan garin rogo don ya riƙe jikinsa, da wani abu mai suna inulin da ake cirowa daga saiwar tsiro, sai kayan zaƙi guda biyu, allulose da wani ɗan itace na ƙasar Sin. Eh, garin rogo, ka biya dala a kawo maka rogo daga Amurka, ga kallon kitse da ake yi wa rogo a zahiri. Shi allulose ɗin suga ne na gaske amma jiki ba ya ƙona shi sosai, ana samun ɗan kaɗan a ɓaure da zabibi, amma wanda ake zubawa a kaya a masana'anta ake haɗa shi. A 2019 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yarda kamfanoni su daina lissafa shi cikin suga a jikin kwali, a shekarar da wannan kasuwar ta tashi kenan, kuma ba na jin haɗuwar nan ta banza ce. Sifilin da kake gani ɓaro-ɓaro a gaban kwali, rabinsa kimiyya ne rabinsa dokar rubutu ce. Ba na cewa guba ne, a'a, bincike ya nuna ba ya ɗaga sugar jini kamar sugar shayi. Amma shi da inulin ɗin in aka yawaita suna kumbura ciki su sa iska, wasu har gudawa, wannan kuma ba a sa shi a hoton talla.

Sai kalmar da suka fi so, wai ragowar sitaci giram 4. Yadda ake samo lambar shi ne a ɗauki jimillar abin da ke ciki a cire wanda ciki ba ya narkarwa a cire allulose, abin da ya rage a rubuta shi da manyan baƙi. Wannan lissafin na ƴan kasuwa ne, FDA ba ta da wata ma'ana ta hukuma da ta ba shi, ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka ma shawarar da take bayarwa ita ce mutum ya duba jimillar. Mai ciwon suga da yake auna jininsa kullum ya fi kowa sanin cewa na'urar awo ba ta karanta talla.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ba ni haushi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutanenmu ba su gane me ake sayarwa ba. Ba furotin ake sayarwa ba, ƙuruciya ake sayarwa, kuma ƙuruciyar wasu. Yaron Amurka da ya taso a shekarun 1980 da 1990 ya girma yana zama gaban talabijin ranar Asabar da safe yana kallon katun da kwanon konfiles mai suga da kala a gabansa. Ya girma, ya yi teɓa, likita ya ce ya bar suga, ransa kuma yana son abin nan na yarinta. Sai aka zo aka ce masa ga shi mun dawo maka da shi, ɗanɗanon iri ɗaya, kalar iri ɗaya, har da wasan zane a bayan kwali, kuma ba laifi a ciki. Shi ya sa ka ga kwalin kamar na yara alhali manya ake nufi, shi ya sa tallarsa ta cika shirye-shiryen podkas da YouTube da wannan tsarar ke saurare. Shi Ba'amurken aƙalla akwai abin da yake saye, yana sayen kewar gidansu. Ke ƙanwata da kika taso da koko da ƙosai, da ɗumamen tuwo da man shanu, da waina ranar Juma'a, kewar me kike saye? Kin ari ciwon wani kina biyan kuɗin maganinsa da dala.

Tarihin abin ma abin dariya ne. Konfiles daga asibiti ya fito, a Battle Creek ta jihar Michigan, inda Dakta John Harvey Kellogg yake ba marasa lafiyarsa abinci marar armashi don gyaran ciki, ƙaninsa Will Keith Kellogg ya ga kasuwa ya kafa kamfani a 1906, aka sa suga, daga baya masana'antar gaba ɗaya ta koma gasar wa zai fi zaƙi don kama yara. Wato an sayar da shi da sunan lafiya, aka lalata shi da suga aka ci riba, yanzu an cire sugar an ninka kuɗin ana sake sayar da shi da sunan lafiya. Sau uku kenan ana cin kasuwa a kwano ɗaya. Shi kansa tsarin kito, wato rage sitaci sosai a yawaita maiƙo, da ake liƙa wa waɗannan kwalaye, a 1921 wani likita Russell Wilder na asibitin Mayo ya tsara shi don masu farfaɗiya, ba don masu son shiga kayan sallar bara ba.

Shin rage sitaci yana da amfani? Ga mai ciwon suga yana da shi ƙwarai, ba mai hankalin da zai musa. Ga mai neman rage ƙiba kuwa ba sihiri ba ne. A 2018 an fitar da sakamakon wani bincike na jami'ar Stanford ƙarƙashin Christopher Gardner, mutum 609, shekara guda cur, rabi suka rage sitaci rabi suka rage maiƙo, a ƙarshe bambancin nauyin da suka zubar bai taka kara ya karya ba. Abin da aka gaya wa ɓangarorin biyu shi ne su rage suga da farin fulawa su ci ganye su ci abincin da ba a sarrafa shi sosai ba. Shekara ɗaya bayan nan Kevin Hall na NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ya ajiye mutum 20 ya ciyar da su, sati biyu abincin masana'anta sati biyu abincin gida, aka bar kowa ya ci iya cikinsa, sai ga shi a satin abincin masana'anta suna ƙara wajen kalori 500 a rana ba tare da sun sani ba. To garin madara da aka hura a inji aka shafa masa kala da ƙamshi, a wane ɓangare kake ganin zai faɗa? A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da kayan zaƙi marasa suga irin su stevia don rage ƙiba. Allulose ba ya cikin jerin, gaskiya ɗaya ce, amma saƙon a fili yake, a rage sabo da zaƙin kansa, shi kuwa wannan kwalin aikinsa kenan ya riƙe maka harshenka a inda yake.

Wani zai ce ai akwai wanda ba shi da lokacin girki da safe. Soya ƙwai biyu minti nawa ne?

Ni na yarda akwai wanda abin zai yi wa rana. Ɗan uwanmu da ke zaune a Houston ko Bronx, yana karɓar albashi da dala, ya riga ya saba da konfiles mai suga kullum kuma ya kasa bari, in ya koma wannan ya rage asara. Shi ma dai in ya nemi shawarata zan ce ya saya kwali ɗaya a kanti ya ɗanɗana kafin ya ɗaura wa kansa odar wata-wata da ake cire kuɗi a kati ko ya manta. Amma mu nan, a wannan marra da tun da aka saki naira a Yunin 2023 komai ya tashi, a ce magidanci ko uwar gida ta ware kuɗin da ya kusa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 don ci ashirin na wani abu mai ƙaras-ƙaras, wannan ba kula da lafiya ba ne, burga ce, a ajiye kwalin a kan firij baƙi su gani.

Kuma abin takaicin, matsalar karin kumallonmu ba rashin Magic Spoon ba ce. Matsalar tana cikin kofin shayin da ake zuba wa suga cokali huɗu da madarar gwangwani, a haɗa da rabin burodi, ƙarfe goma kuma a kora da lemon kwalba. Coca-Cola ta santilita 50 kaɗai tana da suga sama da giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take babba kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in da hali ma 25. Wanda bai taɓa wannan ba ya je ya yi odar kwali daga New York, ya bar jaki yana dukan taiki ne. Awara tana nan a kowane lungu, waken suya ce zalla, furotin fal sitaci kaɗan, a dai rage man da ake tsoma ta. Ga kindirmo in ba a cika masa suga ba, ga kwaɗon zogale da ƙuli, ga gyaɗa, ga kifi, ga alale wanda ko da yake wake na da nasa sitacin yana riƙe ciki har azahar. Acca ma da ake ta yi wa kirari a matsayin abincin masu suga hatsi ce, a ci da awo, kada a cika faranti a ce ai magani ne. Likitocinmu da masu ilimin abinci ya kamata su riƙa rubuta wa mutane waɗannan da sunansu da adadinsu, don "ki kula da abin da kike ci" da ake faɗa a tsaye a bakin ƙofa shi ke tura mutane hannun ƴan Instagram.

Ita dai ƙanwar tawa na ce ta ɗauki kuɗin ta sayi na'urar awon suga da tsinkayenta, ta auna kafin ta karya da kuma awa biyu bayan ta karya na sati biyu, ta kai wa likitan takardar. Ta yi shiru can ta ce, "To Yaya ko kwali ɗaya ne in gwada, na ga kalar ta yi kyau." Na ce kuɗinki ne. Har yanzu ba ta faɗa mini ko ta saya ba, ni ma ban tambaya ba.